Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙin yashin nan da mayen ƙarfe ke kamawa, kuɗi ne ko wahala?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonni huɗu na ware don duk hanyarsu ɗaya, maganar ƙarfen da ke saura cikin shara bayan an gama aikin ma'adini. Masu tambaya kan rijiyar burtsatse ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Lokacin da zinariya ta fashe wajen Ɗan Isa nima na tahi na yi wata shidda ina wanki, to duk sa'ad da munka wanke ƙasa akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke kwantawa gindin tasa tare da zinariya, zubda shi muke yi. Ran nan ƙanena ya sa mishi mayen ƙarfe na tsohuwar sipika sai ga yashi ya manne kamar gemu. Yanzu buhu 11 gare ni bayan ɗaki, wani ya ce mini ƙarfe ne tsantsa in kai ma ƴan gwangwan ko in nemi maƙeri ya narka. Mi ya kamata in yi? Daga wani matashi, Madarunfa.

AMSA: Barka kadai ƙanena, Allah ya jiƙan ƴan uwanmu da rami ya rufta da su a Garin Liman cikin Nuwamba 2021. Kafin mu je ga maganar kuɗi don Allah ka fara fitar da buhunan nan daga inda yara ke wasa da inda ake girki. Ban ce lalle da guba a ciki ba, amma ƙasar da ta fito daga wurin zinariya ba a yarda da ita sai an auna, in an yi aiki da zaiba wurin kama zinariyar to ragowarta na nan cikin sharar, kuma wani dutsen da kansa tafe yake da dalma. Nan kusa da mu ne Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinariya cikin gida, ƙura na sauka tsakar gida yara na rarrafe suna kai hannu baki, babu wanda ya ga dalmar da ido sai dai yara suka fara farfaɗiya.

To wanda ya ce maka ƙarfe ne bai yi ƙarya ba amma rabin zancen ya ba ka. Galibin irin wannan yashin manyetit ne, kuma in tsantsarsa ne kilo 100 na ɗauke da ƙarfe kilo 72, ka ga ba kaɗan ba. Sai dai ƙarfen ba sake yake ba, ɗaure yake da iskar oksijin, ɗan uwan tsatsa ne kawai da ya zo baƙi. Kai ɗan ƙasar gyaɗa ne za ka gane, kowa ya san da mai cikin gyaɗa amma ba wanda zai zuba ɗanyar gyaɗa a kasko ya ce zai soya ƙosai, sai an soya an niƙa an matse. Abin da ke hannunka tama ce, ba ƙarfe ba. Kafin tama ta zama ƙarfe sai an haɗa ta da gawayi ko kwal a wutar da ta haura digiri 1,000 na sa'o'i, gawayin ya janye iskar ya bar ƙarfen.

Shi ya sa ƴan gwangwan ba za su saya ba, in ma sun saya to ba su gane ba ne kuma gobe za su dawo maka da shi. Masana'antun da suke kai ma kaya a Najeriya tsohon ƙarfe suke narkawa da lantarki su zuba rodi, tukunyarsu narkarwa kawai ta iya, ba ta raba tama da iska, in yashin ya shiga sai ya zama datti a saman narkakken ƙarfe ya ci musu wuta a banza. Na san akwai masu ɗura irinsa cikin tsohon bututu su toshe baki don sikeli ya ƙara nauyi, wannan kam ha'inci ne kar ka shiga. Maƙerin kasuwa ma haka, wutarsa ta laushin ƙarfe ce ya buga fartanya da lauje, ba ta narka tama ba.

Yanzu mu yi lissafi. A ƴan shekarun nan tan guda na tama mai kyau, wadda ke da ƙarfe kashi 62 cikin 100, yana yawo ne kusa da dalar Amurka 100 kuma wannan farashin an riga an kai ta tashar jirgin ruwa a Sin. A kuɗinmu wajen jika 60 ke nan, kilo ɗaya bai wuce dala 12 ta sefa ba. Mu ce buhunanka 11 sun kai tan guda, daga Maraɗi zuwa teku ko ta Kwatano ka bi ko ta Ikko ya fi kilomita 1,000, kuɗin kamyo kaɗai ya cinye jika 60 ɗin har ya biyo ka bashi. Kuma masu wannan kasuwa ba su san tan guda ba, jirgi ɗaya na ɗaukar tan 170,000, akwai ma masu ɗaukar 400,000. Ƙari a kan haka irin wannan yashin sau da yawa yana gauraye da ilmenit mai sinadarin titaniyam, shi kuma masu manyan tanderu ba sa son sa don yana sa dattin narki ya yi kauri ya ƙi gudu.

Ba wai ba a taɓa yin ƙarfe da baƙin yashi ba fa, Japanawa da shi suka riƙa ƙera takubbansu, kuma a Niyu Zilan har yau akwai masana'anta a Glenbrook da yashin bakin teku take aiki. Amma can yashin ya cika gaɓar teku ne iyakar ganinka, ga kwal ga lantarki kusa.

Ni abin da nake zargi shi ne in akwai kuɗi cikin buhunanka to ba na ƙarfe ba ne, na zinariya ne. Ƙananan ƙwayoyin zinariya masu laushi kamar gari suna ɓuya cikin baƙin yashi don dukansu masu nauyi ne tare suke kwantawa, mai wanki da hannu ba ya iya raba su. Ka sa mayen ƙarfen cikin leda, ka zuba yashin kaɗan kaɗan cikin tasa da ruwa a kansa, ka riƙa ɗaukewa kana sakewa a wata tasar, in ka zare mayen daga ledar yashin zai zube da kansa. Ka maimaita sau biyu ko uku don yakan ja zinariya ya tafi da ita. Abin da mayen ya ƙi kamawa shi za ka sake wankewa a hankali. Cikin ruwa za ka yi don kar ƙura ta tashi, nesa da gida da rijiya, ka wanke jiki da tufafi kafin ka ɗauki yaro. Duk wanda ya zo yana taya maka buhunan da arha yana cewa taimakonka zai yi, ka san abin da ya hango.

TAMBAYA: Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, jikana ke rubuta mini. Cikin dajin garinmu akwai tsibin kashin maƙera inda kakanninmu sunka narka tama, in ka ɗauki ɗaya nauyi gare shi kamar ƙarfe. Yanzu tsohon ƙarfe ya yi tsada, shin akwai saura ciki da za a iya maidawa wuta a fidda? Daga wani dattijo, yankin Tibiri.

AMSA: Baba ina gaisuwa, da girman kujerarka, ai ku ya kamata mu tambaya. Hannunka bai yaudare ka ba, akwai saura kuma mai yawa, in an auna irin wannan kashin a labo ba abin mamaki ba ne a sami ƙarfe kashi 40 ko 50 cikin 100, wato wani lokacin ya fi tamar da manyan kamfanoni ke haƙa yau. Dalili shi ne murhun kakanni wajen digiri 1,200 yake kaiwa, shi kuma ƙarfe sai 1,538 yake narkewa, don haka ƙarfen ba ya zama ruwa, dunƙulewa yake yi a ƙasa, abin da ke zama ruwa ya gangara shi ne dattin. Yashin da ke cikin tama ba zai narke a wannan zafin ba sai ya sami abokin tafiya, sai ya kama wani kaso na ƙarfen ya narke da shi. Ba rashin iyawa ba ne Baba, ladan da yashi ke karɓa ke nan kafin ya fita. Kamar tunkuzar da mata suka matse da hannu ce, kowa ya san da sauran mai a ciki amma hannu ya yi iyakarsa.

A Ingila akwai wani daji da ake kira Forest of Dean, Rumawa sun bar tsibin irin wannan kashin, bayan fiye da shekara 1,000 da aka zo da dogon tanderu mai zuga-zugin da ruwa ke juyawa sai mutane suka koma suna tonon kashin suna sake narkawa suna samun ƙarfe. Abin da ya ba su dama abu biyu ne, wuta mai zafin da ta fi ta da, da kuma dutsen farar ƙasa da suke zubawa, shi yake kama yashin a madadin ƙarfen. A tanderun zamani ƙarfen da ke bin datti bai kai kashi 1 ba.

Amma in ka maida shi irin murhun da ya fito daga ciki, narkewa zai sake yi ya gangaro yadda yake, ka ƙona gawayi a banza. Ga shi ƙiryar da kuke so ma yanzu sai an sha tafiya kafin a ga guda, ma'aikatan gandun daji kuma ba za su bar ka ba. Abin da zai yiwu shi ne a farfasa kashin da guduma a bi da mayen ƙarfe, wani lokacin akan sami ƴan dunƙulen ƙarfe na gaske da suka maƙale ciki, za ka gane su don in ka buga lanƙwashewa suke yi ba su farfashe ba. Sai dai gaskiya abin da za ka tara a yini bai kai rabin sifirin ɗin tsohuwar mota ba.

Kuma ina roƙon alfarma, kar a kwashe tsibin duka a zuba a hanya. A Tarmit can gabas masu binciken tarihi da irin wannan kashin da gawayin da ke maƙale cikinsa suka gano cewa ana narka tama a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na garinku ma shaida ce ta gidanku, a bar jikan nan naka ya ɗau hotuna ya rubuta abin da ka sani na yadda ake yi, wace ƙasa ake ginin murhu da ita, ina ake samo tamar. Abin da zan ce ka riƙa tarawa shi ne ɓawon da ke zuba gindin uwar maƙera in kana bugu, wannan kusan kashi 70 ɗinsa ƙarfe ne kuma babu yashi, a ƙasashen da ke da masana'antu sayensa ake yi a maida tanderu ko a zuba cikin haɗin siminti.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, an ba mu aiki kan sharar ma'adinai. Don Allah yaya manyan kamfanoni ke fidda ƙarfe daga sharar tama, kuma mu a Nijar za mu amfana da wannan? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya.

AMSA: Ɗiyata Allah ya ba da sa'a. Ki fara da wannan, me ya sa ma ƙarfe ke bin shara? Tama in an haƙo ta gauraye take da yashi, sai an niƙa ta an wanke an ware. Misali ta Itakpe a jihar Kogi wajen kashi 36 take fitowa, sai an tace ta ta haura 60 kafin ta dace da tanderu, ita aka tanadar wa masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a Najeriya da aka fara ginawa tun 1979 da Tarayyar Sobiyet har yau babban tanderun bai taɓa kama wuta ba, wannan wani ciwon ne daban. To wurin tacewar nan ƙarfe na tserewa ta hanya biyu, ko ƙwayar ta yi laushi sosai ruwa ya tafi da ita kamar ƙasari, ko kuma tana manne da ƙwayar yashi niƙa bai raba su ba. A Barazil lakar nan mai laushi da suke zubarwa takan wuce kashi 40, kin ga sharar wasu ta fi ɗanyar tamar wasu.

Hanyoyin maido shi ba baƙi ba ne gare ki in kin taɓa rairayar gero. Akwai ta nauyi, a saki laka cikin kwararo mai murɗe kamar katantanwa, mai nauyi ya bi ciki yashi ya bi gefe. Akwai ta maganaɗisu, ganga mai juyawa da maye a cikinta, manyetit ya manne yashi ya wuce, amma jar tama wato hematit ba ta kula ƙaramin maye sai an sa mai ƙarfin gaske na lantarki. Akwai wadda ta fi burge ni, ta kumfa, a zuba lakar a tanki a sa sitaci na masara ko na rogo ya lulluɓe ƙwayoyin tama, a sa wani sinadari mai kama da sabulu da ke kama yashi, a hura iska, sai kumfa ya ɗago yashin sama a kwashe tama ta zauna ƙasa. E, sitacin da kika sani, a Barazil tan tan suke saye. Sai ta gashi wadda ƴan Sin suka fi ba ƙarfi, a gasa jar tama da ɗan kwal a wajen digiri 700 zuwa 800 ba tare da iska ta shiga sosai ba, sai ta rikiɗe ta koma baƙa, ƙaramin maye ma ya kama ta.

Wannan ta ƙarshen za ki iya gwadawa da kanki ki sa a aikinki. Ki samo jar marmara ki daka, ki auna nawa maye ke kamawa, ki haɗa da garin gawayi cikin ƙaramar tukunyar ƙasa ki rufe ki liƙe da laka ki kai wa maƙeri ya sa a wuta, bayan ta huce ki sake aunawa. Ki bari ta huce a rufe fa, ni da na yi nawa gaggawa ta sa na buɗe da zafi ina kallo saman ya koma ja, na biyu kuma tukunyar ce ta tsage, sai a na uku na ga abin da nake nema.

Ribar shara ita ce an riga an haƙa an niƙa, kuma niƙa shi ya fi komai cin lantarki. Amma abin da ya ƙara tura kamfanoni ba riba kaɗai ba ce, tsoro ne. Sharar nan laka ce da ake tarawa bayan madatsa, a 2015 ta Mariyana a Barazil ta fashe mutum 19 suka mutu laka ta bi kogi har teku, ran 25 ga Janairu 2019 ta Burumadinyo ta kamfanin Vale ta fashe da rana tsaka ma'aikata na cin abinci, mutum 270. Tun daga nan suka dage wurin matse ruwan su tara sharar a bushe, su sake tace tsohuwar, yashin da ya rage su sayar wa magina. Kar kuma ki rubuta kamar abin ba ya faɗuwa, a Minesota ta Amurka kamfanin Magnetation sana'arsa ke nan tace tsohuwar shara, yana cin riba sa'ad da tan ya haura dala 180 ta Amurka a 2011, da farashi ya rikito a 2015 ai a shekarar ya karye, kafin ta ƙare ma tan ya faɗi ƙasa da 40.

Batun Nijar kuma, gaskiya mu ba mu da sharar tama don ba mu fara haƙar tamar da injuna ba tukuna. Akwai ta a yankin Sayi bakin kogin Kwara, amma tana da sinadarin fosfor, shi kuma yana sa ƙarfe ya riƙa karyewa in ya huce. Ba ciwon da ba shi da magani ba ne, tun wajen 1878 wani Bature Sidney Thomas ya gano a yi amfani da farar ƙasa ta janye fosfor ɗin, dattin da ya fito kuma manoman Turai suka riƙa saye a matsayin taki, ki duba ki ga abin da ƙasar jigawarmu ta fi rashi shi ne sharar wasu. Abin da ya tsaya mana a gaba lantarki ne da ruwa da hanya. A Moritaniya da suke cikin hamada sun kauce wa matsalar ruwa da tacewa a bushe da maganaɗisu, amma suna da layin dogo na kilomita 700 daga Zuwerat har bakin teku a Nuwadibu. Mu sai mu zuba ido ga na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021. Ki kuma ware sakin layi guda kan Arlit, can sharar ta yuraniyam ce, kuma tun 2003 masu bincike daga Faransa suka auna tsofaffin ƙarafa a kasuwar garin suka sami masu tururin guba, don haka ƙarfen da ya fito daga irin wannan wuri ko kyauta ne ba na tukunya ba ne ba na ƙofar ɗaki ba.

TAMBAYA: Malam ni magini ne, in na samu irin baƙin yashin ga ko kashin maƙera zan iya sa shi cikin bulo ko kankare? Daga wani magini, Tasawa.

AMSA: Maigida, kashin maƙera in an farfasa yana yin ciko mai kyau a ƙasan daɓe ko bakin ƙofa inda ruwa ke kwanciya, in dai ba daga tsohon tsibin tarihi ka kwaso ba. Baƙin yashin rafi da ba a taɓa aikin zinariya da shi ba babu laifi ka gauraya kaɗan, sai dai bulon zai yi nauyi lebura zai tsine maka, kuma ka buga guda biyar ka bar su sati huɗu ka gwada ƙarfinsu kafin ka ɗora ginin mutane a kai. Wanda ya fito daga wurin wankin zinariya kuwa kar ka sa shi a ɗakin kwana ko daɓen tsakar gida sai an kai kilo guda labo an duba dalma da zaiba.